Goyon Humaira da Takalmin Ƙarfe

Gwarzo,
Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Hambali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na nan Ikko. Yaya kasuwa, yaya jama'a, yaya fama da ruwan kudu da ba ya gajiya da zuba? Allah ya tsare mana kai a inda kake, ya sa albarka a cikin nemanka, ya dawo mana da kai gida lafiya. Mu nan Gwarzo sai godiya. Maigidana Malam Ahmad lafiyarsa ƙalau, yara ma haka, in ban da mura da ta ɗan zagaya su ta wuce. A gida Kara ma kowa lafiya. Baba yana nan da gwiwarsa, wata rana ta bar shi ya je masallaci da ƙafa, wata rana ta hana, amma bai daina zagaya garke da safe ba ko da an yi masa magana. An gama da gero, dawa ta nuna, wake kuwa na gonar hanyar Getso ya yi kyan da rabon a ga irinsa an daɗe. Jar saniyar nan taka ta haihu, ta sami maraƙi, Baba ya ce in gaya maka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Datti direba, alhali ga waya a aljihun kowa. Dalili kuwa kai ne. Tun kana ƙarami ba ka bari mutum ya kai ƙarshen zancensa, girma kuma bai raba ka da halin ba. Sau biyu ina kiranka a kan maganar nan, duka biyun kafin in ce uffan ka riga ka yanke hukunci ka kashe waya. Takarda dai ba za ka katse ta ba. Ka sami wuri ka zauna bayan ka sallaci la'asar, ka karanta ta har ƙarshe, in ya so ka yi fushi da ni daga baya, na saba.

Maganar 'yarka Humaira ce, da umarnin da ka bayar cewa matarka Zulaiha ta ɗauke ta daga wurin Inna ta koma da ita gidan iyayenta a Kabo har sai an gama maganin ƙafarta. Ni ce na hana tafiyar. Kada ka ga laifin Zulaiha, ita tun ranar da ka faɗa ta ɗaure kayanta, suna nan jingine a bayan ƙofa. Na ce mata ta dakata sai ka ji zancen daga tushe, don abin da ya iso kunnenka guntu ne.

Farkon zancen ka sani, da kai aka yi. Ka ga yadda aka haifi yarinyar nan ƙafafunta biyu a lanƙwashe ciki, tafukan suna kallon juna. Ka tuna yadda kowace mace ta shigo barka da shawararta, wannan ta ce a kai wa mai ɗori, wannan ta ce a yi ta gasawa da ruwan zafi za su miƙe. Allah ya taimake mu ma'aikaciyar asibitinmu na nan ta ce kada a ɓata lokaci, a tafi asibitin ƙashi a Kano tun ƙashin yana ɗanye. Can muka haɗu da likitar ƙafa, Dakta Badi'a, wadda aikinta ke nan, ƙafafun yara. Kai ka koma bakin nema bayan suna, saura ni da Zulaiha muka ci gaba da zirga-zirga. Duk mako sai mu yi sammako mu bi ta Kabo mu shiga Kano, likita ta murza ƙafar a hankali ta ɗan juyo da ita waje, sannan a naɗe ta da farar filastar nan mai tauri da mutanenmu ke kira siminti, tun daga yatsu har cinya. Mako na zagayowa a cire a sa wani. Daga ƙarshe aka ɗan tsaga jijiyar agara don diddigen ya sauka. Ranar da aka cire simintin ƙarshe, Hambali, na ga ƙafafun nan a miƙe sumul kamar na kowane jariri, na rasa inda zan sa kaina don murna, kuka kawai na yi a gaban mutane.

A ranar ne aka ba mu takalmin. Hotonsa kaɗai ka gani a waya, bari in kwatanta maka. 'Yan takalma ne guda biyu masu maɗauri, an haɗa su da sandar ƙarfe a tsakani, kowanne yana kallon waje. Likita ta ja mana kunne sosai. Ta ce aikin siminti ya miƙar da ƙafa ne kawai, amma ƙafar irin waɗannan yara tana da son komawa inda ta fito, takalmin ne zai tsare ta. Ta ce watannin farko dare da rana za ta zauna da shi, sai wanka kaɗai, daga baya a koma sawa lokacin barci har ta yi wayo. Ni da Zulaiha muka ce mun ji, kuma da gaske mun ji. Na raka su har Kara, na yi wa Inna bayani a tsaitsaye, ta ce to, na kama hanyar Gwarzo don washegari akwai makaranta, ɗalibaina na jira.

To a nan gizo ke saƙar, kuma ba mugunta ba ce ta kowa. Humaira 'yar fari ce. Ka san gidanmu, ka san yadda aka rene mu. Zulaiha ko sunan yarinyar nan ba ta faɗa, ba ta ɗaukarta a gaban Inna ko Baba, in ta yi kuka a tsakar gida sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba har sai an miƙo mata ita ɗaki ta ba ta nono. Haka aka yi da ni a hannun kakarmu, haka ake yi da kowace 'yar fari a danginmu. Wato mai yarinya ta gaskiya, mai wanka da shafa mai da lallashi, Inna ce. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taka asibitin nan ba, ba ta ji daga bakin likita ba. Mu da muka ji, ɗaya tana Gwarzo, ɗaya kunya ta ɗaure mata baki.

Ga shi lokacin ya faɗo daidai da kaka. Zulaiha tana fama da tukunyar masu roron wake tun safe, Humaira kuma ta ƙi jinin takalmin, da an sa mata sai tsala ihu. Inna ta ɗauke ta za ta goya, ƙarfe ya hana ƙafafun su rungumi ƙugu. Ta juya ta nan, ta juya ta can, abu ya ƙi. Kai ma ka san Inna da goyo. Matar da ta goye mu duka da ƙwaryar nono a ka tun daga ruga har kasuwar Getso, wadda ta yi imani yaron da bai ɗumi bayan tsohuwa ba ba ya yin ƙwari, ita za a ce ta zuba wa jikarta ido tana kuka a kan tabarma? Sai ta kwance takalmin ta rataye a ƙusa, ta goya abarta, yarinya ta yi luf. In rana ta yi sanyi ta mayar mata. A ganinta ƙafa ai ta riga ta warke, ga ta nan a miƙe kowa na gani, takalmin ƙarin ƙawa ne irin na likitoci. Zulaiha tana ganin takalmin a rataye kullum, amma ta yaya za ta buɗe baki ta gyara wa uwar mijinta reno, a kan 'yar fari kuma? Ta gaya mini daga baya cewa sau da yawa takan zo har bakin ƙofar Inna da niyyar magana, sai ta ɓuge da tambayar ko a ƙara gishiri a miya.

Da ranar komawa asibiti ta zo, tun a mota na lura ƙafar hagu ba ta zauna a takalmin yadda ta saba ba, diddigen yana ɗagowa. Dakta Badi'a ta kwance, ta riƙe ƙafar a tafin hannunta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ta hagu ta fara komawa, ta dama ma ta ɗan yi tauri. Na zaci faɗa za ta rufe mu da shi, amma sai ta dubi Zulaiha da ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta tambaye ta ko wannan ce haihuwarta ta fari. Da aka ce mata e, sai ta tambayi wanda ke goyon yarinyar a gida. Ta ce ba mu ne farko ba, ta sha ganin haka, ita ma a gidan kaka ta tashi. Ta ce za a sake komawa siminti na 'yan makonni, kuma in sha Allahu ƙafar za ta dawo, amma ta faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye, in aka sake sakaci ta kuma komawa, to sai dai babban aiki da wuƙa, shi ma ba lallai ƙafar ta yi laushin ta sauran yara ba. Sannan ta ce mako mai zuwa ba ta son ganinmu sai da kakar.

Wannan labarin ne ya iso gare ka ta bakin yayan Zulaiha, ka ɗauki waya ka kira Inna. Ban ji abin da ka faɗa mata ba, ita kuma ba ta maimaita wa kowa ba. Baba dai ya ce har daga zaure yana jin muryarka, kuma ranar ba ta ci tuwon dare ba. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci da kai ƙwarai. Na san tsoro ne ya sa ka, uba ne kai, kana nesa, ba abin da ke hannunka sai waya. Amma Inna ce fa, Hambali.

Kai Inna Kano kuwa sai da aka yi da gaske. Ka san ta da mota, tun kafin mu kai Kabo ta fara salati tana cewa direba ya rage gudu, mutumin da ko ƙura ba ya tayarwa. Ta shiga asibitin fuska a ɗaure, ta riga ta shirya wa faɗan 'yar boko. Muna zaune a layi sai ga wata mata ta shigo da jaririnta a kafaɗa, shi ma da siminti. Matar ba za ta wuce sa'ar Zulaiha ba, kyakkyawa da ita, amma a kan gefen ƙafafunta take takawa, tafukan na kallon ciki, inda take takawar ya yi kanta baƙi ƙirin, ko silifa ba ya zama. Ta zauna kusa da mu aka gaisa. Ita da kanta ta ce haka aka haife ta, a ƙauyensu ba wanda ya san ana gyarawa, shi ya sa da ta ga ɗanta ya zo da irin ƙafarta ko arba'in ba ta jira ba. Sai na ga Inna ta jawo Humaira daga cinyata ta rungume, tana shafa simintin da hannu har aka kira mu.

Likitar nan Allah ya yi mata albarka. Ta tashi ta ba Inna kujerarta, ta durƙusa ta gaishe ta da Inna kamar yadda muke kiranta. Da aka cire simintin, ta kama yatsan Inna ta ɗora a bayan diddigen Humaira, ta ce ta taɓa ta ji jijiyar da ke jan ƙafar, ta kuma sa ta taɓa nata diddigen ta ji bambanci. Ta ce duk sa'ar da takalmi ke rataye, jijiyar nan tana aikinta ne a ɓoye. Inna ta saurara har ta gama, sannan ta yi tambaya ɗaya tak, ta ce to yarinyar haka za ta tashi ba wanda ya taɓa goya ta? Likita ta ce wa ya ce? Ta aika aka kawo takalmi irin na Humaira da wata 'yar tsana da suke koyarwa da ita, ta karɓi zanen goyon Inna, ta goya 'yar tsanar a bayanta a gaban kowa, da farar rigarta da komai. Ashe ana yi. Gwiwoyin ake buɗewa su kwanta a bayan mai goyo, ƙafafun su sauka ƙasa maimakon su zagayo ciki, ƙarfen ya kwanta a gicciye a kan ƙugu, sai a sa tsumma a tsakani don kada ya ci mutum. Inna ta ce a ba ta ta gwada. Ta goya, ta kwance, ta sake goyawa, har ta gyara wa likita ɗaurin majanyi, ta ce nata ya yi sako-sako, 'yar mutane za ta zame. Dariya ta kama kowa a ɗakin. Kafin mu fito har Inna ta tuɓe takalminta ta nuna wa likita fason diddigenta, ta ce tunda aikin ƙafa take yi ga wannan ma. Aka rubuta mata man shafawa, aka ce ta rage yawo ba takalmi, ta ce wannan kam sai dai a yi haƙuri.

Yanzu an gama siminti na biyun, ƙafafun sun dawo, an mayar da takalmi. A zuwanmu na ƙarshe likita ta murɗa ƙafar sama da ƙasa ta ce Alhamdu lillahi, ta yi laushi, a ci gaba da yadda ake yi. Inna ce ke ɗaurawa da kanta. Sai ta danna diddigen ya zauna daram, ta ja maɗaurin tsakiya, ta leƙa 'yar ƙofar da ke bayan takalmin ta tabbata diddigen ya sauka, sannan ta ɗaure sauran. Bayan wanka takan duba fatar ko ta yi ja, ta sa mata safa mai taushi. Ranar nan wata maƙwabciya ta ce a ɗan cire wa yarinya ta huta mana, da ka ga kallon da Inna ta yi mata. Zulaiha ma ta samu sauƙi, don Inna da kanta ta kira ta ɗaki ta ce mata a kan maganar ƙafar nan ta ajiye kunya, in ta ga ba daidai ba ta faɗa, kunyar ta ci gaba a sauran abubuwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, ranar Juma'ar da ta wuce ne. Na je Kara da yamma na tarar da Inna tana tsince wake a tsaye, Humaira a bayanta tana barci, ƙarfen na leƙowa ta ƙasan zane. Da ta sauke ta sai na ga ta dafa bango kafin ta miƙe. Na ce ta kawo in shafa mata man zafi, ta ce ba komai, na nace. Da na ɗaga rigarta, Hambali, sai da na runtse ido. Shatin ƙarfen nan ne kwance a ƙugunta daga wannan gefe zuwa wancan, ya yi baƙi, wani wurin ya saɓule ya fara warkewa ya sake saɓulewa. Na ce ina tsumman da likita ta ce a riƙa sawa? Ta ce ta gwada, amma in ta sa shi yana tura ƙarfen baya, diddigen hagu ya riƙa ɗagowa a cikin takalmi, ita kuwa ba za ta sake yarda diddigen nan ya ɗaga ba ko da na minti ɗaya ne. Na ce to ta rage goyon, ta ce yarinyar ba ta barcin rana sai a baya, kuma bayan tsohuwa me ya rage a cikinsa da za a yi tattali. Na yi mata faɗa, na wanke wurin na sa magani, na kuma ɗinka mata wata 'yar siririyar katifa da za ta ɗaura a jikinta maimakon a jikin ƙarfen, ta karɓa da ƙyar. Ta roƙe ni kada in gaya maka. Ga shi na gaya maka, in na je sai in ba ta haƙuri.

Ba na ce gidan su Zulaiha ba za su iya ba. Mutanen kirki ne, duk ranar asibiti mahaifiyarta na tsaye a bakin titi a Kabo da fura tana jiran motarmu. Amma ƙafar Humaira ba ta buƙatar sabon hannun da zai fara koyo daga farko, ga shekaru a gaba ana wannan ɗauri. A duk faɗin ƙasar nan yau babu wanda ya fi tsoron ƙafar nan ta koma kamar matar da ka ce a raba ta da ita. 'Yarka ce, hukuncin naka ne, ni dai na faɗi abin da idona ya gani. Abin da nake roƙonka, ko me ka yanke, kada ka aiko da shi ta bakina ko ta bakin Zulaiha. Ka kira mahaifiyarka ka gaishe ta tukuna.

Baba yana gaishe ka, yana sa maka albarka. Kawu Sajo da iyalinsa suna gaisuwa, haka Gwaggo Marka, ta ce har yanzu tana jiran turaren da ka yi mata alkawari. Malam Ahmad na gaishe ka da kyau, yarana Mahbub da Sadiya suna tambayar yaushe za ka zo. Zulaiha na gaisuwa, ita ba za ta faɗa ba amma duk ta rame. Ka gaishe mana da Alhaji Jalo maigidanka da duk 'yan Gwarzo da ke tare da ku.

Da zan taho na gaya wa Inna zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Sai da ta gama gyara wa Humaira safa tukuna. Can ta ce in gaishe ka, in ce ta yafe maka tun ranar. Ta ce kuma in har ka tsaya a kan a kai yarinyar Kabo, ba za ta hana ba, ɗiyarka ce. Alfarma ɗaya take nema, a bar ta ta bi su ta kwana biyu a can, ta koya wa mahaifiyar Zulaiha yadda ake zaunar da diddigen hagu kafin a ja maɗauri, da yadda ake goyon, sannan ta hau mota ta dawo ita kaɗai.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Uwaliya.